Oliyanda ko bogambiliya, sago ko dabino: wace fulawa ta dace da gidan da ke da kare ko kyanwa?

Mai sayar da fulawa a bakin titi zai gaya maka wadda ke jure rana, da wadda ba ta shan ruwa da yawa, da wadda akuya ba ta taɓawa. Abin da ba ya faɗa, galibi don shi ma bai sani ba, shi ne dalilin da ya sa akuyar take kauce mata. Da yawa daga cikin tsirran ado da suka samu kasuwa a garuruwanmu masu zafi sun same ta ne saboda ɗaci da gubar da ke jikinsu sun hana dabba cinye su. Akuya ta saba da kiwo, tana sansanawa ta wuce. Kwikwiyo ɗan wata huɗu da dasashi ke yi wa ƙaiƙayi ba ya sansana komai, duk abin da ya samu taunawa yake yi.

Wanda ya duba jerin tsirrai masu guba na ASPCA, ƙungiyar kare haƙƙin dabbobi ta Amurka da aka kafa a 1866, zai ga ɗaruruwan sunaye, har ya ji kamar ya zuba wa tsakar gidan siminti ya huta. Ba sai an kai can ba. Kalmar "mai guba" ta haɗa abubuwa biyu da ba su yi kusa da juna ba. Akwai tsiron da zai ƙona wa dabba baki, ta yi dalalar yawu, ta yi amai, gobe ta ware. Akwai kuma wanda ke zuwa kai tsaye ga zuciya, ko hanta, ko ƙoda, wanda kafin a gane me ake ciki aikin gama ya gama. Na biyun ba su da yawa, su ne ya kamata a sani da suna da kama. Sauran kuwa a duba inda za a ajiye su kawai.

Sai kuma halin dabbar. A yawancin gidajenmu kare na waje ne: yana ɗaure ko yana keji da rana, a sake shi da dare ya zagaya gida ba mai kallonsa. Tona yake yi, yana tauna ƙwallo da saiwa da reshen da aka sare aka yar. Kyanwa kuwa ta cikin ɗaki ce, tana hawa taga da tebur, tana ɗan gutsurar ganye, sannan duk abin da ya taɓa gashinta sai ta lashe shi. Hantarta ma ba ta iya sarrafa wasu sinadaran da hantar kare da ta mutum ke sarrafawa. Don haka abin da ke bakin katanga damuwar mai kare ce, abin da ke cikin falo damuwar mai kyanwa.

Shinge da jikin katanga

A nan aka fi yin kuskure, don a nan ake shuka abu da yawa a jere. Zaɓin da aka fi miƙa wa mai saye shi ne oliyanda, wato Nerium oleander, mai dogon ganye siriri mai kauri da fure ruwan hoda, ko fari, ko ja. Gaskiya ba ta da na biyu wajen juriya: ta sha ranar bazara, ta sha ƙurar hunturu, ta yi ta fure. Amma daga saiwa har fure babu inda ba guba a jikinta. Gubar irin wadda ke rikita bugun zuciya ce, 'yar uwar maganin zuciyar nan digoxin. Cikin 'yan sa'o'i dabba za ta fara dalala, amai, zawo, ta kasa tsayuwa, zuciya ta riƙa tsalle ko ta yi sanyi. Abin da ya fi ba ni tsoro game da ita shi ne bushewa ba ta kashe gubar. Ganyen da mai aski ya datse ya tara a lungu, ko wanda iska ta jefa cikin kwanon ruwan kare, yana nan da ƙarfinsa. Ko hayaƙinta ba a so a shaƙa in an ƙona. Akwai allurar da ke karya irin wannan guba, amma tana da tsada ƙwarai, kuma ba abin da za ka shiga asibitin dabbobi na unguwa ka tarar ba ne.

'Yar uwarta mai rawayan fure kamar ƙararrawa, Thevetia, wadda asalinta daga Meziko da Amurka ta Tsakiya ne, ta fi haɗari ga kare. Dalili kuwa tana zubar da 'ya'ya, kore su koma baƙi, da ƙwallo mai tauri a ciki daidai bakin kwikwiyo. A ƙwallon nan gubar ta fi taruwa. A Sirilanka an daɗe ana kwantar da mutane a asibiti saboda shi, manya ma, balle kare mai kilo goma. In tana gidanka kuma kana da kare, ban ga amfanin dogon tunani ba: a tumɓuke ta, a kwashe 'ya'yan da suka zuba, wanda zai yi aikin ya sa safar hannu saboda farin nonon da take fitarwa.

Sai wadda masu fulawa ke kira yalo-bush, Duranta, mai ƙananan ganye ruwan zinare da ake askewa ta yi kamar katanga. Da wuya ka shiga harabar ofis ko sabuwar unguwa a Abuja ko Kaduna ba ka gan ta ba. Matsayinta tsaka-tsaki ne. Wadda ake aske wa kai a kai ba ta cika samun damar yin fure ba, balle 'ya'ya. In aka bar ta ta yi tsawo sai ta fitar da 'ya'ya ruwan lemo a jere, kuma a 2006 likitocin dabbobi a Ostareliya sun wallafa rahoton karnuka tara da kyanwa ɗaya da suka sha gubarta, da alamu irin su magagi da jijjiga. Wanda ya san almakashinsa ba ya hutawa zai iya barin ta. Wanda ya san sai bayan damina yake tunawa da shinge, gara ya nemi wata.

Na gargajiya fa? Bini da zugu da aguwa su ne shingen kakanni, a karya reshe a soka a ƙasa ya kama. Aguwa da sauran danginta masu nono, irin su tinya da ƙerana da ƙaramar nan mai ƙaya da jan fure da ake sayarwa a tukunya, aikinsu ƙuna ne: baki ya kumbura, ido ya yi ja in nonon ya fantsama. Suna da zafi amma da wuya su kashe, don dabba ba ta iya cin mai yawa. Bini da zugu ya fi su sharri, saboda ƙwayarsa ba ta da ɗaci, tana da ɗanɗano mai kama da gyaɗa, shi ya sa ma yara ke faɗawa. Amai da zawo mai tsanani take sawa, har jiki ya ƙare da ruwa.

Abin da zan sa a madadinsu duka shi ne bogambiliya. Juriyarta ga rani ba ta gaza ta oliyanda ba, hasali ma ta fi yin fure in an rage mata ruwa. Ba ta da gubar da ke kisa, iyakacinta ruwan jikinta ya ɗan sa ƙaiƙayi. Tana da nata aibin: ƙaya ce da ita mai huda tafin kare in an bar reshen da aka yanke a ƙasa, tana zubar da fure kullum sai an yi shara, kuma in ba a datse ta sai ta haye katangar maƙwabci. Amma ƙayar nan a saman katanga riba ce ga mai tsoron ɓarawo. Ikzora, mai dunƙulen ƙananan furanni ja, ita ma ba ta cikin masu guba, kuma ta fi kyau a gajeren shinge, sai dai tana son ruwa da ƙasa mai taki. A inda ruwan rijiyar burtsatse yake da gishiri-gishiri ganyenta kan koma rawaya. Habiskus, 'yar uwar yakuwa da rama da kuɓewa, lafiya lau take ga kare da kyanwa, amma farin ƙwaron nan mai kamar auduga yana damunta, akuya kuma ba ta ganinta ta ƙyale. Wato a Sakkwato ko Maraɗi bogambiliya ce zaɓi. A Jos, Kaduna ko Abuja, inda ruwan sama ya fi yawa, duka ukun za su yi.

Tsiron ƙawa na bakin ƙofa

Akwai wanda ake saye guda ɗaya ko biyu da tsada a ajiye a bakin ƙofar falo don baƙo ya gani. Sarkinsu a yanzu shi ne sago, Cycas revoluta, gajere mai kututture mai kaushi da ganye kore shar masu tauri da tsini. Kama yake da ƙaramin dabino amma ba dangin dabino ba ne ko kaɗan, asalinsa daga kudancin Japan. A duk tsirran da ke cikin wannan bayani, shi ne wanda na fi jin tsoronsa ga kare. Gubarsa hanta take ci. Ko'ina a jikinsa akwai ta, amma ta fi yawa a 'ya'yan nan ja-ja masu girman goro da macen ke fitarwa a tsakiyarta, kuma ɗaya ko biyu sun isa. Karnuka ba sa ƙyamar su, shi ne abin takaicin. Amai kan fara a ranar, wani lokaci kare ya ɗan ware har mai shi ya saki jiki, sai bayan kwana biyu zuwa uku ido da dasashi su yi rawaya irin na shawara, jini ya ƙi daskarewa, kashi ya yi baƙi. A wasu nazarce-nazarcen likitocin Amurka kusan rabin karnukan da suka kamu ba su tashi ba, duk da an yi musu magani a asibitocin da ke da kayan aiki. Babu maganin da ke karya gubar.

Wanda yake son irin wannan siffa yana da mafita biyu. Areka, mai tarin siraran sanduna kamar gora da ganye mai laushi, ba ta da guba. Matsalarta a arewa ita ce ba ta son rana tsaka da iskar hunturu, bakin ganyenta kan ƙone, sai an ba ta inuwar baranda da ruwa a kai a kai. Dabino kuwa, babba ko ɗan gajeren nan na ado, ɗan gida ne a zafinmu kuma ba ya cutar da dabba. A dai yanke ƙayoyin gindin ganyensa na ƙasa, a kuma hana kwikwiyo haɗiye ƙwallo.

Kariya, Adenium obesum, ta dawo da daraja yanzu da aka kawo masu ruɓi biyu da launi iri-iri, ana dasa su a tukunya da ƙaton gindinsu a waje. Tamu ce, tana fure a tsakiyar rani lokacin da komai ya bushe, kuma magabata sun san ta: a sassan Afirka da dama an yi amfani da ruwanta wajen dafin kibiya da kashe kifi. Danginsu ɗaya da oliyanda da ƙwanƙwanin maharba, gubarta ma ta zuciya ce. Bambancinta da sauran shi ne ƙarama ce, ba ta cika zubar da abin taunawa ba, kuma ana iya ɗaga ta. A gidan da kare ne kaɗai, tukunya a kan dakali mai tsayi ko wajen get ta wadatar. A gidan kyanwa ba wani tsayin da zai hana ta kaiwa, don haka sai dai waje.

Cikin ɗaki

Ga mai kyanwa suna ɗaya ne ya wajaba ya haddace: lili. Ainihin lili, dangin Lilium da Hemerocallis, mai manyan furanni masu fiffike shida da dogayen zare a tsakiya ɗauke da gari ruwan goro. Ba ta cika tsira a zafin Kano ba, hanyar shigowarta gida ita ce dunƙulen furannin da ake kawowa daga shago don biki, ko gaisuwar mara lafiya, ko kyautar masoya. Kare in ya ci, cikinsa ne kawai zai ɓaci. Kyanwa kuwa ko garin furen ne ya zuba mata a gashi ta lashe, ko ta sha ruwan kwalbar da aka tsoma furen, ƙodarta na iya tsayawa cikin kwana ɗaya zuwa uku. Har yau masana ba su gano ainihin sinadarin da ke yin wannan ɓarna ba. Abin da aka tabbatar shi ne lokaci: in aka fara ƙarin ruwa da wuri kyanwa kan tsira, in aka wuce kamar sa'a 18 yawanci ƙodar ba ta dawowa.

Sunan yana ruɗarwa, don tsirrai da yawa ana ce musu lili alhali ba su ba ne. Mai farin fure guda kamar cokali da ake ajiyewa a falo, Spathiphyllum, baki kawai take ƙonawa. Wadda ake kira kana, wato Canna, mai faɗin ganye kamar na ayaba da fure ja ko rawaya, ba ta da guba, kuma tana yin kyau a bakin magudanar ruwa. Albasar kwaɗi da amarilis amai da zawo suke sawa, musamman in kare ya tono albasar ya ci. Gatarin kurege kuwa, mai jan fure da rawaya kamar harshen wuta da ke fitowa da damina, wannan mai kisa ne ga kowa, saiwarsa ta fi komai.

Sauran na falo, irin su difenbakiya mai faɗin ganye da ɗigon fari, da kaladiyum, da mai yaɗo da ake sawa a kwalbar ruwa, duk dangin gwaza ne. Duk wanda ya taɓa cin gwazar da ba ta nuna ba ya san abin da ake nufi: wasu ƙananan allurai ne a cikin ganyen da ke sukar harshe da maƙogwaro. Dabba na gutsura sau ɗaya za ta tofar, ta yi ta shafa baki da hannu. A wanke mata baki, a ba ta ɗan madara ko nono mai sanyi, a sa ido ko numfashi zai yi wuya. Moda da alobera kuma ciki suke ɓatawa. Waɗannan ban ce a zubar ba, sai in kyanwar taka irin mai nacin nan ce da ba ta daddara. In kana son falon da ba za ka yi tunani ba sam, areka da sifaida, mai siraran ganye kore da fari da ke saukar da 'ya'ya a zare, sun isa. A fure kuma wardi, ziniya da furen rana duk lafiya.

Bayan gida

Wasu ba a shuka su, su suke zuwa. Zurma kan fito a juji da bakin kwata. A ƙwayarta ake samun risin, gubar da aka kashe ɗan jaridar Bulgeriya Georgi Markov da ita a Landan a 1978. Sai an tauna ƙwayar take aiki, kuma kare mai tauna ne. Alamun kan yi jinkiri, wani lokaci har kwana ɗaya ko biyu, sannan amai da zawon jini su zo. Tunkuzar zurma da ake sayarwa a matsayin taki a wasu ƙasashe ta kashe karnuka da dama, don haka a tambayi abin da ke cikin takin buhu kafin a barbaɗa. Zaƙami ba ya buƙatar gabatarwa, abin da yake yi wa matashi shi yake yi wa kare: ido ya buɗe, baki ya bushe, zuciya ta yi gudu, hankali ya gushe. Idon zakara da 'ya'yan kurnar nasara, wadda ake ɗauka dogon yaro ce saboda kamar ganye, su ma a kawar. Tumfafiya tana da gubar zuciya a nononta, wanda kuma shi ne Fulani ke ɗiga kaɗan a madara su yi cuku, amma ɗacinta ya sa da wuya dabba ta ci mai yawa. Ido ta fi yi wa illa.

Na lambun miya sun fi ba da mamaki. Albasa da tafarnuwa suna farfasa jajayen ƙwayoyin jinin kare da kyanwa, kuma dahuwa ba ta hana su. Kimanin giram 5 na albasa a kowane kilo na nauyin kyanwa ya isa ya taɓa jininta, wato kyanwa mai kilo uku yanka ɗaya mai kauri ne. Kare sai ya ci ninki uku zuwa shida na haka. Ba daga kunya suke tonowa ba, daga kwanonmu suke samu: ragowar miya, tsire da albasarsa, ƙasan tukunyar dafa-duka kullum. Bayan 'yan kwanaki sai a ga kasala, dasashi ya yi fari, fitsari ya yi ja. Inabi, ɗanye ko busasshe, yana iya tsayar da ƙodar kare, kuma ba a san adadin da za a ce lafiya ba, wani kare ya ci da yawa ya tsira, wani kaɗan ya kwantar da shi. A 2022 likitocin cibiyar guba ta ASPCA sun wallafa bayanin karnukan da ƙodarsu ta lalace bayan sun ci tsamiya, suka danganta abin da sinadarin tsami iri ɗaya da ke cikin inabi. Ba wanda zai sare bishiyar tsamiya saboda kare, amma jiƙaƙƙiyar tsamiyar kunu da tukar da aka tace ba abin zuba masa ba ne. Zogale, ɗaɗɗoya, karas da nunannen tumatir ba su da matsala. Ganyen tumatir da ɗanyensa kan ɓata ciki.

In ya riga ya ci

A cire abin da ya rage a baki, a ɗauraye da ruwa, a tsinki reshen tsiron ko a ɗauki hotonsa, a lura da lokacin. In ɗaya ne daga oliyanda, Thevetia, kariya, sago, zurma, gatarin kurege, ko lili ga kyanwa, kada a jira alama, a tafi wurin likita ko da dabbar tana wasa. Sa amai ya fi amfani cikin sa'a ɗaya zuwa biyu na farko, kuma aikin likita ne. Manja da madara da aka saba ɗurawa ba sa karya gubar zuciya ko ta hanta, ɗurawar ma na iya sa abu ya wuce huhu. Ruwan gishiri don a sa amai ya kashe karnuka da kansa. Gawayin murhu ba shi ne gawayin asibiti mai tsotse guba ba. Farasitamol kuwa ƙwaya ɗaya na iya kashe kyanwa.

Asibitocin koyarwa na dabbobi da ke Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da Jami'ar Maiduguri suna iya gwajin hanta da ƙoda, kuma manyan biranen jihohi suna da asibitin dabbobi na gwamnati da masu zaman kansu. Da yake kare da dare ake sakinsa, yawancin irin wannan ta'asa da asuba ake ganinta ko a ƙarshen mako, lokacin da ƙofar asibiti ke rufe. A karɓi lambar wayar likitan tun ranar da aka kai dabbar allurar haukan kare.